Umrar da ban yi ba

"Kai ɗan nan, Umra ka tafi ko sallama babu?"

Inna ce a waya daga Damagaram. Lokacin hutun vakansi ni da abokaina muka bar birnin Lyon zuwa bakin teku, muka shiga ɗakin ibadar 'yan Buda, na ɗauki hoto da malaminsu na tura gida. Ni ba takalmi, shi kansa a aske ƙwal, ya yafa zane, kafaɗa ɗaya a waje.

Na ce, "Inna, ba Makka ba ce."

Ta ce, "Yi mini shiru, na riga na gaya wa unguwa! Haramin bana ruwan goro aka yi ke nan?"

Yanzu maƙwabta tsaraba suke jira. Jama'a, in faɗi gaskiya, ko in leƙa kasuwar Château Rouge in sayo dabino?