Bargon Yaya Hadiza

Gozaki

Muna idar da sallar asuba muka fito, ni da Kaka. Ita ta rungume ƙunshin bargo, ni na riƙe ledar citta da kanumfari. Tun ranar da Yaya Hadiza, mai karatun kimiyya a Turai, ta ce aikinta da wata iska ne wadda ta fi ƙanƙara sanyi, Kaka ta daina cin abincin kirki. Ƙawar Yaya, Anti Rabi, ta zo ganin gida Funtua, ita za mu kai wa saƙon.

Malumfashi

A tasha direba ya ce a sa ƙunshin a but.

"Kusa da jarkar manja? Ɗan nan, a cinyata zai zauna."

"To Hajiya, Allah ya ba da haƙuri."

A Bakori Kaka ta saya mini gasasshiyar masara. Na gutsura mata rabi, ta ƙulle a gefen mayafi.

Funtua

Bayan gaisuwa Anti Rabi ta kira Yaya ta bidiyo. Sai ga ta ba ko rigar sanyi, tsaye gaban wata tukunyar ƙarfe mai ƙananan tagogi.

"Kaka, sanyin duk a cikin nan yake. 'Yar iska ce da ba ta kai ƙwayar gero ba, haske ke riƙe da ita. Ƙwayoyinta suna jan juna da ƙarfi, in sun yi sanyi sosai sai su riƙa gudana ba abin da ke rage musu gudu. Hotonsu muke ɗauka, mu auna zafinsu da yadda suke matsuwa."

Na daɗe ina murza bakin hijabina kafin na ce, "Ba a sa musu ma'aunin asibiti?"

Yaya ta ce, "Safiya ce ta yi magana yau? Ai da ya taɓa su sun watse."

Kaka ta matso da fuskarta. "Nuna mini hannuwanki."

Ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sauke numfashi.

Ta ce, "Bargon fa? In mayar?"

"A'a, aiko shi. Waje ƙanƙara ke zuba, ɗakina kuma sai a hankali."

Kaka ta juyo ta kalle ni. "Me na ce miki? Ban ce tana bukatar bargon nan ba?"

Komawa

Ba mu fita Funtua ba ta kwance gefen mayafi, ta cinye masarar nan da sanyinta, har ta tambayi ko akwai saura. Kafin magariba muna gida. Mun gode Allah, mun gode Anti Rabi.