Yadda Na Koyi Kitso a Samaru

Shekarar da matata ta haifi 'yan biyu, ita ce shekarar da ciwon sikila ya kayar da babbar 'yarmu. Ciwon ya shiga ƙashin ƙafarta har ya yi ruwa, likitan garinmu a kudancin Kaduna ya ce sai Zariya. Mai jego ba ta da halin barin jarirai, don haka ni na nemi hutu a firamaren da nake koyarwa, na saɓo yarinya muka taho.

Da farko a barandar asibiti nake kwana a kan kwali, tunda ba a barin maza su kwana a ɗakin yara. Wata nas ta gan ni ina wanke fuska a bakin famfo, ta ce, "Malam, ba ka san gidan zumunta ba?" Ta yi mini kwatance. Gida ne a Samaru, bayan layin ɗakunan ɗalibai, wanda matan wata majami'a suka kama domin iyayen da jinyar 'ya'ya ta zaunar. Kyauta ne, ba a kuma tambayar addininka. Masu shagunan unguwar kan aiko da shinkafa da sabulu, akwai kuma wani mai Keke Napep da ke kwasar mu zuwa asibiti kowace safiya.

Mai kula da gidan wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Ibo, haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa. Mama kowa yake ce mata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Namiji? To, ɗakin zaure naka ne. Amma a gidan nan kowa yana da ranar wanke-wanke, ba ruwana da gemunka."

Ni kaɗai ne namiji a lokacin. Da matan suka ji labarin gidana sai suka sa mini Baban Biyu, sunan ya bi ni har asibiti.

An yi wa yarinya aiki, zazzaɓi ya sauka, ta fara cin abinci. Amma allurai sun sa ta tsoron hannun kowa. Ko nas ce ta zo gyara mata matashi sai ta ƙanƙame ni. Kitson da uwarta ta yi mata tun kafin ta haifi 'yan biyu ya tsufa, ya cukurkuɗe, yana mata ƙaiƙayi. Wata rana ta hangi kanta a gilashin taga, ta juya ga bango. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata.

"Uwata, mene ne?"

"Baba, na zama mahaukaciya."

A gidan zumunta akwai wata mata daga wajen Giwa, Musulma, wadda ɗanta ke fama da ƙoda. Ita da ƙanwarta suke karɓa-karɓa a gefen gadonsa, kuma kitso ne sana'arta a garinsu. Ta zo da tsinkenta har bakin gadon 'yata, ta yi rarrashin duniya, yarinya ta rufe kai da zane tana kuka, wai ita ba wanda zai taɓa ta sai Baba.

Da yamma na ba Mama labari ina wanke tukwane. Ta ce, "To ai ta gaya maka. Kai za ka yi."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Washegari ta tasa ni gaba zuwa kasuwar Sabon Gari, wai da ma za ta sayo kayan miya. Muka tsaya wajen masu kayan kwalliya, ta zaɓar mini mataji mai manyan haƙora da tsinke da man kaɗanya. Mai shagon ta tambaye ta da Turancin Buroka ko na matata ne, Mama ta ce a'a, ɗalibi ne, yau zai shiga aji ɗaya. Kafin mu bar layin, 'yan matan shagunan duk sun leƙo suna kallona.

Makitsiyar ta fara ni da gashin ɗanyar masara. Ta ce, "Raba uku, Baban Biyu. Na dama ya hau na tsakiya, na hagu ya hau na tsakiya. Kai, ba igiyar akuya kake tufkawa ba, sassauta!" Matan gidan suka kewaye mu, masu tsince wake da masu shanya, kowa da nata gyaran. Akwai wadda tun zuwana ban taɓa ganin haƙoranta ba, saboda jikin ɗanta ya yi tsanani. Ranar ta yi dariya har da riƙe ciki.

Da masara ta ƙare sai aka rasa kan da zan gwada. Matan aure ne, ba mai ba ni kanta. Mama ta jawo kujera 'yar tsugune, ta zare ɗankwali, furfura fari fat. Ta ce, "Na haifi wanda ya girme ka. Zo ka yi, amma in ka tuge mini gashi za ka kwana da yunwa." Na yi mata layi huɗu, kowanne ya kama gabansa. Haka ta ɗaura ɗankwali a kai ta tafi majami'a da shi ranar Lahadi.

Ranar da na shirya, na zaunar da 'yata tsakanin ƙafafuna a kan gado, ƙafarta mai bandeji a miƙe. Tsifar kaɗai ta cinye mana safiya. Na shafa mai, na taje a hankali, makitsiyar tana tsaye daga nesa tana nuna mini da yatsa inda zan tsaga. Yarinya ba ta yi kuka ba. Har gyangyaɗi ta yi a cinyata. Da na gama, wata nas ta ara mata madubi. Layukan sun karkace kamar kunyar da ɗan koyo ya yi a gona, ɗaya ma ya nufi kunne.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, ya yi kyau. Amma wanda mamata ke yi ya fi."

Duk ɗakin aka kwashe da dariya, har likitan da ke zagaye ya tsaya ya duba, ya ce shi dai aikinsa a ƙafa ya fi nawa tsari.

Bayan wasu makonni aka sallame mu tana dogara sanda. Yaron makitsiyar bai samu sallama ba tukuna, amma ya fara zama da kansa. Na biya gidan zumunta na yi sallama, na kuma yi wanke-wanken ranar duk da ba layina ba ne. Mama ta cusa wa yarinya ƙullin cincin a jaka ta ce mu gaida mai jego.

Da muka isa gida, matata ta fito da jariri ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa. Ta rungume 'yarta ta yi ta kuka. Da ta share hawaye ta lura da kan, sai ta ja baya.

"Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

Yarinya ta dafe kanta da hannu biyu ta ce, "Baba ne. Kar ki tsefe, sai ya tsufa."