Kwaɗon da Ka Sa wa Ɗakin Jarrabawarmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Satumba, ina bakin ofis ina yi wa masu latti faɗa, mataimakina ya matso ya ce, "Malama, Injiniya Mai Guduma ya rasu." Sai da na dafa bango. Jinyar kwana huɗu kacal, in ji shi.

Ga wanda bai san shi ba, marigayin ya shekara ashirin da shida yana aikin duba ɓarnar ambaliya. Ni kuwa shugabar wata makarantar sakandare ce, kuma ni ce matar da ta taɓa zagin sa a gaban mutane.

Injiniya, aikinka daban yake. Wasu a bakin ƙofa suke tsayawa, su dubi inda ruwa ya yi shata a bango, su rubuta, su wuce. Kai sai ka shiga, ka fito da ƴar gudumar nan da ta zama sunanka, ka ƙwanƙwasa bango, ka kara kunne. Ka zagaya baya, ka soka sandar ƙarfe a gindin gini. An ba ni labarin wata tsohuwa da ka tarar tana kuka a kan jiƙaƙƙun hotunan mijinta, ka ajiye takardunka, ka shanya mata su ɗaya bayan ɗaya a kan motarka.

Shekara takwas ke nan da ruwa ya shigo makarantarmu, ya kai ƙugu, ya kwana uku. Da ya janye muka kwashe laka, muka shanya bencina, har fenti muka yi wa babban ɗakinmu, don saura kwana tara ɗalibai ɗari biyu da sha biyu su zauna jarrabawar ƙarshe a cikinsa. Ko tsaga babu a jikinsa. Ka zo ka ƙwanƙwasa, ka soka sandarka a baya, ta shige har ƙarshe.

Ka ce, "Malama, ba mai shiga ɗakin nan."

Na ce, "Ka ga tsaga ne?"

Ka ce, "Ban gani ba. Ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashi. Ginin a tsaye yake, amma ba a kan komai yake tsaye ba."

Sai ka ciro kwaɗo daga jakarka ka datse ƙofar, don ka san takardar gargaɗi yage ta ake yi. Wallahi ranar ban bar maka komai ba. Na ce ba ka da imani, na ce so kake yaran mutane su yi asarar shekara. Har takardar ƙorafi na kai wa shugabanka. Abin da ka ce kawai shi ne, "Ki yi haƙuri, Malama, amma mukullin yana wurina." Washegari sai ga ka da tamfol cike da mota, ka tuɓe riga ka taya mu kafa rumfa a filin ƙwallo. Ko sannu ban ce maka ba.

Rana ta huɗu da fara jarrabawa, ƙarfe goma da kwata, sama tas, ko iska babu, muka ji wata ƙara da har yau take kunnena. Bangon baya ya nutse, rufin ya rufto daidai inda muke jera bencina. Yara suka ɗago kai daga rumfa, biro a hannu. Na ƙirga su sau biyu. Allahu akbar! Da ƙura ta lafa, ƙofar nan tana tsaye, kwaɗonka na jikinta.

Ban zo na ba ka haƙuri ba. Kunya da girman kai suka hana ni, kullum sai in ce gobe. Na sa aka ɓalle kwaɗon na ajiye a durowata. Sau ɗaya muka haɗu a wani taro, ka ce, "Malama, ya yara?" Na ce lafiya lau, na sulale.

Da na je gaisuwa, na miƙa wa maiɗakinka kwaɗon. Ta dube shi, ta shiga ciki ta fito da wani gwangwani cike da mukullai, kowanne da ƴar takarda ɗaure da zare. Ta tona ta zaro ɗaya, an rubuta: makaranta, ɗari biyu da sha biyu.

Ta ce, "Yawan mutanen da za su kasance a cikin ginin yake rubutawa."

Na dubi sauran mukullan. Sannan na ce, "Ya gaya miki abin da na yi masa?"

Ta ce, "Cewa ya yi ya haɗu da wata Malama mai tsananin son ɗalibanta."

Nan hawaye suka ƙwace mini. Ka yafe mini, Injiniya, na zo a makare.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya kowane rai da ke rubuce cikin gwangwanin nan a mizaninsa. Ga maiɗakinsa da ƴaƴansa da abokan aikinsa, ina miƙa ta'aziyyata da ta ɗalibai ɗari biyu da sha biyu, waɗanda duka suka koma gida ranar. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.