Maganin da na ce mahaifiyata ce ta aiko

Shekaru da dama baya, tun ina da gashi a tsakar ka, na yi aikin ɗaurin kaya a Hindawiyya, wata unguwa a Jidda. Waɗanda suka san ni yanzu da tumbi ba za su yarda ba, amma a lokacin in na juya gefe sai ka neme ni ka rasa. Umara na zo, umarar ta ƙare, ni ban ƙare ba. Ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da ya tsaya min, sai kawuna, yayan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya zo Jidda tun kafin a haife ni. Shi takardunsa cif suke. Shi ya ba ni wurin kwana a gidansa da ke unguwar Mahjar, shi kuma ya sa ni a aikin da yake yi.

Ga yadda aikin yake. Alhazai in sun gama hajji sukan sauko Jidda su yi sayayya kamar an ce musu gobe za a rufe ƙasar. Dabino, jallabiyoyi, darduma, tukwane, har akwai hajiyar da na taɓa ɗaure wa injin markaɗe guda biyu. Mu ne masu cusa kayan a buhu, mu ɗinke da basilla, mu naɗe da leda, mu ɗora a sikeli, mu loda a mota. In waɗannan kwanakin suka zo, hutu sai dai ka ji labarinsa a bakin wasu. Ga zafin Jidda da ke sa mutum gumi har a farce.

Ana cikin haka wani abokina, mutumin Maraɗi, mai tuƙa dabbab, ƙaramar motar nan ta ɗaukar kaya, ya same ni ina gyangyaɗi a kan buhu da basilla a hannu. Ya ce zan tsone idona a banza. Ya miƙo min wata farar ƙwaya mai zanen jinjirin wata biyu, ya ce sunanta kaftagon, kuma ba ta 'yan iska ba ce, ta ma'aikata ce. Ni kuwa da ma ina ganin kaina babban ma'aikaci, sai na haɗiye.

Ranar na yi aikin mutum uku, na kuma yi surutun mutum goma. Ba yunwa, ba barci, ba ciwon baya. Abin da abokina bai gaya min ba shi ne yadda take yi in ta sake ka. Jiki ya zama kamar buhun siminti da ya sha ruwa, ka yi ta cizon haƙora, wanda ya yi maka sallama ma ka ji kamar zaginka ya yi. Maganin wannan kuma sai wata ƙwayar. Kafin a yi wata biyu, ƙwaya ɗaya ta daina jin magana.

Don kada kawu ya ga ƙwaya a hannuna, sai na riƙa narkar da ita a shayi cikin wani ɗan jan filas. To amma a wurin aikinmu ba a shan abu kai kaɗai. Filas in ya sauka a ƙasa ya zama na kowa, ba ma a tambaya. Dole na nemo dalilin da zai sa a ƙyale nawa, kuma ni in dai dalili ake nema ban taɓa rasawa ba. Na ce maganin ciwon baya ne na saiwoyi, mahaifiyata ta aiko min ta hannun wata hajiya. Da na ga suna saurare sai na ƙara gishiri. Na ce akwai tsohon da ya sha a garinmu, shekara bakwai yana kwance, ya tashi ya bi jaki da gudu ya kamo shi. Na ce amma fa na jininmu ne, bare in ya kurɓa gudawar kwana uku ce, ba ruwana. Aka yi dariya, kowa ya ja jikinsa daga filas ɗina. Na ji daɗin wayona sosai. Ko kaɗan bai zo min a rai ba cewa a cikin masu dariyar akwai mutum ɗaya da ba bare ba ne.

Wata rana da hantsi na fita bakin titi taya lodi. Ina dawowa na tarar da kawu zaune a kan buhun dabino, murfin filas ɗina a hannunsa, yana goge baki da gefen rawani. Ya ce bayansa ne ya hana shi sakat tun asuba, shi ne ya ɗan sha kofi biyu. Ya ce akwai ɗaci, amma da ma ƙanwarsa tun suna yara hannunta ba ya wasa a haɗi.

Mutumin nan ya haura sittin, yana da hawan jini, kullum da safe a gabana yake shan maganinsa. Shayin ranar kuma na haɗa shi daidai da jikin da ya riga ya saba. Duk na san wannan. Ina tsaye a gabansa, maganar ta zo har maƙogwarona, na mayar da ita. Na ce a raina ai kawu ƙato ne, zai yi gumi ya wuce.

Ba a jima ba tsoho ya miƙe. Buhun da mu biyu muke kamawa ya sungume shi kaɗai. Mutumin da kalmarsa ba ta wuce ashirin a yini ya shiga ba alhazai labarin zuwansa Jidda tun daga jirgin da ya hau. Yana ta yalla yalla, wato maza-maza, yana tura samari gefe wai sun cika sanyin jiki. Ni kuma, Allah Ya yafe min, na ce masa: "Kawu, in ka gama da buhunan akwai motar can ma, a ɗaga mana ita mu share ƙarƙashinta." Wurin ya ɗauki dariya, har da shi. A duk abin da ya faru ranar, wannan dariyar ce ta fi tsaya min a wuya.

Da aka yi azahar ya kasa tsayuwa a sahu. Ya zauna ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙa masa jallabiya sharkaf, idanunsa sun buɗe kamar na wanda ya ga abin tsoro. Muka ɗora shi a dabbab ɗin abokina zuwa wani ƙaramin asibiti da ke kusa. Muna sauke shi abokina ya ja ni gefe, ya ce in na kuskura na buɗe baki, a mayar da mu gida ma gata ne, gidan yari za mu. Yana faɗa ya ja motarsa. Daga ranar ban ƙara ganin ko ƙurarsa ba.

Likitan wani dattijo ne ɗan Sudan. Ya auna jinin kawu, ya kalli na'urar, ya sake aunawa. Ya tambayi abin da ya ci ko ya sha. Kawu da kansa, yana haki, ya yi masa bayani da Larabci cewa maganin gargajiya ne da 'yar'uwarsa ta aiko daga gida. Likita ya ce wane irin ganye, wace saiwa, don akwai allurar da yake so ya yi masa, kuma in bai san abin da ke jikinsa ba tana iya ƙara dagula lamarin. Ya juyo gare ni. Na ce wallahi ni dai saiwoyi na gani, ban san sunansu ba. Da wallahin fa na faɗa.

Sai kawu ya laluba aljihu ya miƙo min wayarsa, ya ce in kira mahaifiyata.

Na danna lambar ina roƙon Allah Ya sa layi ya ƙi. Layin garinmu da sai ka kira sau tara kafin ya shiga, ranar bugu ɗaya ta ɗauka, muryarta tar kamar tana bayan labule. Na buɗe sautin yadda kowa zai ji. Ta fara gaisuwa da fara'arta, tana tambayar iyali da aiki. Kawu ya katse ta, ya ce ta gaya wa likita abin da ta sa a maganin.

"Wane magani, Yaya?"

"Na ciwon baya. Wanda kika aiko wa yaron nan."

Ta ce ita kuka da daddawa ta aiko, shi ma tun bara. Kawu ya rufe ido. Ya ce ta dai tuna. Ya ce ba zai yi fushi ba, ko wani ne ya haɗa ya ba ta, ta faɗi sunansa kawai, don shi yanzu yana jin ransa a ƙirjinsa. Ko kallona bai yi ba, don bai taɓa kawo ni a lissafin ba. Na ji mahaifiyata ta shiga rantse-rantse. Can sai muryarta ta canza, ta kira ni da sunan da take kirana tun ina goye.

"Kana nan kusa, na sani. Me ka ba ɗan'uwana?"

Ni da bakina ya fitar da ni daga hannun 'yan sanda ya fi a ƙirga, ranar na nemi ƙarya ɗaya tak na rasa. Na cire hulata, na zaro ƙwayar da nake ɓoyewa a naɗinta, na ajiye a teburin likita. Na gaya masa a shayi take, da yawan da na sa, da lokacin da kawu ya sha.

Likita bai yi min tsawa ba, da ma ya yi. Ya ajiye allurar da ya riga ya ɗauko, ya sa aka kawo wata, ya kira motar babban asibiti. Muna jiran motar ya tambayi tsawon lokacin da na yi ina sha. Ya ce dangin wannan maganin su ma suna rubuta shi, ga yaran da hankalinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, da masu ciwon da barci ke kwashe su ko suna tsaye, amma sai an duba zuciyar mutum, an auna masa daidai, ana kuma bibiyarsa. Ya ce wannan da ke kan tebur kuwa, wanda ya sayar min ma bai san abin da aka cusa a ciki ba. Sannan ya tambayi takarduna. Na ce ba ni da su. Sai ya ce halas, shi ke nan, in je in gaya wa matar kawu asibitin da za a kai shi.

Haka aka tafi da shi ni ina tsaye a bakin titi, don ba ni da fuskar da zan nuna a ƙofar babban asibiti. Mutumin da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa ya tafi shi kaɗai da baƙi.

Ya rayu, alhamdulillahi. Amma zuciyar ba ta koma yadda take ba. Aka hana shi ɗaga duk abin da ya fi butar alwala, aikin da ya yi shekara talatin yana yi ya ƙare a ranar. Da aka sallamo shi na shirya jakata ina jiran kora. Bai kore ni ba. Yana zama a kan tabarma ya ce a ba shi waya, ya kira mahaifiyata a gabana, ya roƙe ta gafara. Ya ce lokacin da yake kwance a gadon nan ya yi mata zato a zuciyarsa, ya ɗauka ta san abin da ta aiko take ɓoyewa, kuma ba ya so ya mutu da wannan a tsakaninsu. Su biyu suna ta kuka, tsofaffi, kowa na cewa shi ne mai laifi, mai laifin kuma yana zaune a bakin ƙofa.

Da ya kashe wayar ya dube ni, karo na farko tun asibiti.

"Duk garin nan, ka rasa wanda za ka saka a ƙaryarka sai ita?"

Iyakar abin da ya taɓa ce min ke nan a kan maganar, har Allah Ya karɓi abinsa bayan wasu shekaru.

A gidansa na bar ƙwayar, kuma ba zan yi muku burga ba, da wuya na bari. Makonni na yi ina barci kamar gawa, in farka in cinye abincin gidan, in zauna ina kuka ba dalili. Sau ɗaya na koma, na sake bari. Matar kawu ce ke ajiye min kunu a bakin ƙofa, ba ta fasa ba ko rana ɗaya, ba ta kuma kalle ni ba ko rana ɗaya.

Har yanzu ina zolaya, kun san ni, halin ba ya fita. Amma in na ji matashi yana cewa shi don aiki yake sha ba don maye ba, sai in ji bakina ya yi ɗaci, don kalma-kalma abin da na gaya wa kaina ke nan. Ƙwayar ba ta sa ni yi wa kowa sata ba, ba ta sa ni dambe a titi ba. Ta dai kai ni inda na tsaya ina kallon kawuna yana haki, ina auna ransa da asirina, kuma sai da aka yi awa uku asirin yana rinjaye.

Mahaifiyata tana nan da ranta. Ta ce ta yafe min, na kuma yarda ta yafe. Muna waya duk Juma'a, tana dariyar shirmena kamar da. Sai dai har yau, in za ta aiko min da ɗan ƙulli ta hannun masu zuwa umara, ba ni take fara kira ba. Matar kawu take kira, ta lissafa mata abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, kuka, daddawa, yaji, sannan ta ce, ban da waɗannan ba abin da ya fito daga hannuna.