Mai Dizal Na Ɗauka

Ina tsaye tsakanin manyan a-kori-kura biyu a wajen wani dillali a Unguwar Sarki, yayana Sani sai jan mayafina yake yi. Ɗaya mai fetur ce, ɗaya mai dizal.

Tun rasuwar maigidana ni ke riƙe da gonarmu. Bara motar haya ta kasa fito da masarata daga fadama, ruwa ya same ta a buhu, ta ruɓe ina kallo.

Yaya Sani ya ce, "Binta, ɗauki mai fetur. Dizal tsada, gyara wahala, ga ƙara kamar injin niƙa."

Na ce, "Yaya, ba biki zan je da ita ba. Wadda za ta ja kaya a cikin taɓo nake nema."

Ya zagaya mai dizal ɗin, ya daki taya da ƙafa. Can ya ce, "To, wa zai tuƙa miki wannan ƙatuwar?"

Na miƙa wa dillali hannu, ya ba ni makullin mai dizal. Ta mutu min tun kafin mu hau titi, na sake tayarwa. Har Rigasa ni na kawo mu, Yaya yana ta salati.

Gobe da safe gona za ni da ita. Masu dizal, me sabon hannu zai kiyaye?