Bencin da Ba a Kafa wa Kawu Isufu Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Isufu, likitan dabbobi, a gidan mahaifiyata da ke Rillieux-la-Pape, a ƙasar Faransa. Madogarata a kan labarinsa biyu ce: yayarsa Hajiya Rabi, mai sayar da atamfa a unguwar Château Rouge, da wata tsohuwa Baturiya mai suna Dorothy, wadda na samu a ƙauyen Ingila inda ya zauna. Shekarar da ya isa can ban tabbatar da ita ba. Hajiya ta ce kafin a haife ni ne, Dorothy ta ce bayan babbar ambaliyar ruwa, ta kuwa kasa tuna wacce.

Ƙauyen makiyayan tumaki ne, mai coci ɗaya da fili kore a tsakiya. Kawu ya yi musu aiki kusan shekara ashirin, yana karɓar haihuwar tumaki cikin sanyin da ke sandarar da yatsu. Kullum da safe sai ya bi gida-gida yana gaisuwa yadda aka saba a Damagaram. Dorothy ta ce da fari sun ɗauka wani abu yake son sayar musu. Shi da kansa yakan gaya mana, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, cewa a can mutum baƙo ne har sai kakansa na kwance a bayan coci.

Suna da wata al'ada: idan ɗan gari ya mutu, sai a kafa bencin katako a bakin filin, a rubuta sunansa a jiki. Ba a yi wa baƙo. Da labarin rasuwar ya kai musu, suka taru, suka yi gardama, daga ƙarshe suka amince a yi wa Kawu. Suka bugo waya suna neman izinin dangi.

Hajiya ta ƙi. A fahimtarta, gini ne irin na kan kabari, kusa da coci kuma. Bana na je shagonta na sake tayar da zancen. Ba ta ɗaga kai daga yadin da take aunawa ba.

"Ɗan nan, ƙanena ne ba naka ba. Kafirai su riƙa zama a kan sunansa suna cin biskit? Mun yi masa sadaka."

An yi sadakar, ina wurin. Shinkafa ce da nama, aka cinye kafin la'asar.

Da bazarar nan na je ƙauyen. Kanti ya rufe, makarantar ta koma gidan hutun wasu 'yan birni, tumakin sun ragu. In ban da Dorothy, waɗanda suka san Kawu sun mutu ko sun tashi. Na karanta sunayen da ke jikin bencinan ɗaya bayan ɗaya. Har kare yana da nasa. Dorothy ta nuna mini gurbin da aka ware wa Kawu. Kwandon shara ne a wurin yanzu. Ta ce sun ɗauka danginsa ne ba su ga ƙauyen ya isa ba.

Ban ce Hajiya ta yi da mugun nufi ba, ban kuma wanke mutanen da sai da ya mutu suka karɓe shi ba. Kabarinsa na Damagaram, inda aka kai gawarsa, ba shi da suna, kamar yadda ya dace. Addu'armu na isa gare shi, in Allah ya yarda. Amma abin da ya yi shekara ashirin yana gaisuwa dominsa ya zo, mu muka mayar da shi.

Abin da na kasa samu daga kowa shi ne wannan: da shi aka tambaya, zai ce a kafa bencin ko a bari?