Dungun Yatsan Mai Kwalba

Doña Eulalia mai sayar da furanni a bakin ruwan Xochimilco tana kallon wani tsoho mai malafa, yatsansa ɗaya dungu, rungume da kwalba. A ciki akwai ajolote, baƙin ƙadangaren ruwan nan mai fuskar murmushi, wanda irinsa ya kusa ƙarewa. Ƙafar ajoloten da kifi ya gutsure tana sake tsirowa.

"Baba, sake shi mana! Ko tare za a binne ku?"

"In sake shi kifaye su ƙarasa shi? Haba, 'yata. Ai koya mini yake yi."

Ya ɗaga dungun. Eulalia tana cikin dariya ta ga wani abu fari kamar farce ya leƙo a bakin dungun. Dariyar ta tsaya. Na cikin kwalba bai daina murmushi ba.